Amsa: Yaya aka san baƙin rami yana nan alhali ba a ganinsa?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce yaya aka tabbatar da baƙin rami a sararin samaniya, wato wurin da nauyi mai yawa ya dunƙule yana jan abin da ya matso kusa da shi, tunda ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa. Ba shi ake kallo ba, abin da ke kewaye da shi ake kallo. A tsakiyar tarin taurarinmu akwai tauraro mai suna S2, yana zagaya wani wuri da ido ba ya ganin komai, zagaye ɗaya cikin kimanin shekara 16. Daga gudunsa aka lissafa nauyin abin da ke riƙe da shi: kamar rana miliyan 4 a dunƙule a ɗan wuri, abin da ya nuna baƙin rami ne. Wannan aikin ne ya kai masana taurari Reinhard Genzel da Andrea Ghez ga kyautar Nobel a 2020.

Ni nan Damagaram, guguwar bazara nake nuna wa ɗalibaina a filin makaranta. Iskar ba ta ganuwa, amma da ka ga ƙura da leda suna juyi, ka san akwai mai juya su. Sai dai ka kula da hoton 2019 da ke yawo a waya, na baƙin ramin da ke tsakiyar wani tarin taurari mai suna M87, domin ko a nan ba ramin kansa ake gani ba: zoben nan mai haske gas ne mai tsananin zafi, duhun tsakiya kuwa inuwar ramin ce.