Kada ka fara manga da doguwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka gama kallon Naruto, kana son ka koma karanta manga, wato littattafan labarin zane na ƙasar Japan, amma da ka buɗe a waya sai ka ga zancen ba ya haɗuwa, ga shi babu kala, kuma ba ka san da wacce za ka fara ba. Na daɗe ina karantawa, ga abin da zan iya gaya maka.

Zancen da ka ga ba ya haɗuwa, daga hagu ka faro shi ya sa. Daga dama ake karanta manga zuwa hagu, sannan a gangaro ƙasa. Kowane shafi an raba shi gida-gida, gidan zane na farko shi ne na saman dama, kuma ko a cikin gida ɗaya in mutum biyu na magana, na dama ne ya fara. Littafin takarda ma ta wajen da muke kira baya ake buɗe shi. Duk wanda ya yi makarantar allo idonsa ya riga ya san wannan hanyar, ba za ta ba ka wahala ba.

Rashin kala kuwa yana da dalili. Yawancin labaran da ka sani a mujalla suka fara fitowa, kamar Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, wadda ake bugawa tun 1968. Kowane mako mai zane zai miƙa babi mai shafi kusan 20, shi da 'yan mataimakansa. Ina lokacin sa kala? Sai suka ƙware a baƙi da fari, har ya zama a nan gwanintar take.

Nan ne nake son ka tsaya da kyau, domin yawancin waɗanda suka ce manga ba ta yi musu daɗi ba rubutun kawai suke bi, su wuce zanen da gudu. Alhali rabin labarin yana cikin zanen. Dubi girman gidajen: in ka ga ƙanana sun jeru a matse, abu ne ke faruwa da sauri, in ka ga gida ɗaya ya cinye shafi, ana so ka dakata ne. Mai zane yakan ɓoye abin mamaki a bayan shafi, sai ka juya ya faɗo maka. Wani lokaci hoto ɗaya yakan ratsa shafi biyu, to a waya sai ka kwantar da ita ka gan shi a haɗe, in ba haka ba rabi za ka gani. A ƙarshen Slam Dunk, labarin ƙwallon kwando na Takehiko Inoue, daƙiƙun ƙarshe na wasan sun ɗauki shafuka da yawa kusan babu magana. Gumi ne kawai, da idanu, da agogo, da hannun da ya saki ƙwallo. Ni dai ban taɓa jin bugun zuciya a kan takarda irin na wurin nan ba, kuma wanda ke neman rubutu kawai zai wuce shi cikin minti ɗaya bai san abin da ya bari ba.

Wani alfanun kuma, ba a ja maka rai. Naruto a takarda babi 700 ne cikin juzu'i 72, daga 1999 zuwa 2014. A talabijin ya kai kashi 720, kuma da yawa ciko ne da aka ƙirƙira don kada masu fim su cim ma mai zanen. A manga babu wannan.

Game da wacce za ka fara, na san za a ce maka One Piece. Tana da kyau ƙwarai, amma ban ba ka shawarar farawa da ita ba. Tun 1997 Eiichiro Oda yake zana ta, ta haura juzu'i 100, sabon shiga yakan gaji tun bai kai inda daɗin yake ba. Nemi wadda ta ƙare kuma ba ta da tsawo. Fullmetal Alchemist ta Hiromu Arakawa juzu'i 27 ce, labarin wa da ƙane da suka yi yunƙurin dawo da mahaifiyarsu da ta rasu, suka ɗanɗana kuɗarsu. Ita Arakawa, mai zanen, a gonar kiwon shanu ta tashi a Hokkaido da ke Japan, kuma ta yi wata mai suna Silver Spoon a kan makarantar koyon noma, ga mai son labari marar faɗa. In kana son abin da ya faru da gaske, akwai Barefoot Gen ta Keiji Nakazawa, wanda yana ɗan shekara 6 aka jefa bam ɗin nukiliya a garinsu Hiroshima a 1945. Wannan ba ta karantuwa a zaman hira, tana da nauyi.

Wurin karantawa: akwai manhajar Manga Plus ta Shueisha, tun 2019. Kyauta ce, a yawancin labaran za ka samu babi uku na farko da uku na ƙarshe, kuma ba ta cin data kamar bidiyo. Sai dai kayan kamfanin kaɗai ne a ciki. Shafukan sata kuwa ina ƙyamarsu: fassara a hargitse, tallan batsa na faɗowa ba sallama, kuma ko sisi ba ya isa ga wanda ya kwana yana zanen.

Tunda ka ambaci ƙannenka, kada ganin zane ya sa ka ɗauka duka na yara ne. A Japan an raba su: shonen na samari, shojo na 'yan mata, seinen da josei na manya. Ko a shonen akwai zubar da jini, da shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba, da zancen gumaka da aljanu na al'adarsu. Littattafan da kamfanin Viz ke bugawa da Turanci suna da alamar shekaru a bango: T na matasa, M na manya zalla. Ka fara karanta juzu'i ɗaya da kanka kafin ka miƙa musu wayar.