Amsa ga Maman Abba kan kai yaro mai lalura makaranta

Maman Abba, Allah ya ƙara wa Abba lafiya. Kin ce ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, ya yi girman da goyo ya gagara, kina tambaya ko akwai tallafin kai irinsu makaranta. Ni ma ɗiyata shan inna ya taɓa ta, kuma a nan Katsina take karatu.

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su damar karatu kyauta har sakandare. Ki riƙe wannan duk inda za ki yi magana. Amma kuɗin zuwa da dawowa yana kanmu iyaye, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin ya ƙara nauyi.

Don Allah ki bar ɗora shi a acaba. Yaron da ba ya iya maƙale ƙafa a jikin babur, rami ɗaya ya isa ya kayar da shi.

Abin da ya fisshe mu shi ne mai kurkura (wato Keke Napep) ɗaya tsayayye. Mun haɗu da wasu gidaje a Sabuwar Unguwa, muna biyansa duk wata. Mutum ne da mai unguwa ya san gidansu, kuma a gabansa muka yi yarjejeniya. Rahusa ma ba ita ce babbar ribar ba. Direban ya san yadda ake ɗaga yarinyar ta ƙarƙashin hammata ba tare da an fizgi hannunta ba, ya san naɗe kekenta ya ɗaure, kuma ba ya sauke ta a bakin titi sai ya miƙa ta hannun malama. Wurin zamanta kullum tsakiya, yayarta na gefe. Ki kuma tanadi lambar wani direban, saboda ranar da kurkurar ta lalace.

Sannan ki je wurin shugaban makaranta da kwamitin kula da makaranta na iyaye da al'umma (SBMC) da takarda a rubuce. Ki roƙi a ba Abba ajin da ba matakala, kusa da ƙofa da bayan gida, a kuma yi masa uzuri in ya makara. Ki nemi su tura sunansa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, domin a san da shi in tallafi ya zo.

In kuna wajen Ƙofar Ƙaura ki yi min magana ta akwatin saƙo, akwai sauran wuri a kurkurarmu.