Amsata Daidai Ce, Don Me Aka Rage Mini Maki a Kalkulas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta jami'a, kuma a wannan zangon muna ɗaukar darasin kalkulas, reshen lissafi da ke nazarin yadda abubuwa ke canzawa. A makon farko malaminmu ya raba mana takardar ƙa'idoji, wadda ta ce ba a shiga gwaji da kalkuleta, ba a karɓar aikin gida bayan ranar da aka yanke, sannan duk amsar da ba a nuna matakanta ba, ba za ta samu cikakken maki ba. A wani aikin gida an tambaye mu iyakar (x² − 1)/(x − 1) yayin da x ke kusantar 1, wato lambar da lissafin ke dosa. Na rubuta 2, kuma daidai ne, amma maki ɗaya aka ba ni cikin biyar. Shin wannan ba tsanani ba ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Na fahimci zafin da kika ji, domin babu ɗalibin da zai ji daɗin ganin amsarsa ta yi daidai da ta malami amma a hana shi maki huɗu. Sai dai a wannan karon ina goyon bayan malaminki, kuma ita kanta tambayar da aka yi muku za ta nuna dalili.

Idan kika sa 1 a gurbin x kai tsaye, sama zai ba ki sifili, ƙasa ma sifili, kuma sifili a kan sifili ba amsa ba ce. Ina kyautata zaton kin danna 1.001 a kalkuleta ne, ta ba ki 2.001, kika ga inda aka dosa. Wannan dabara ce mai kyau wajen gwada amsa, amma hasashe ne kawai, bai kai hujja ba. Abin da ake son gani a takardarki layi uku ne: ki warware x² − 1 ya zama (x − 1)(x + 1), ki soke (x − 1) a sama da ƙasa tare da bayyana cewa hakan ya halatta saboda x tana kusantar 1 ne ba tare da ta kai ba, sannan ki sa 1 a cikin x + 1 da ya rage, ki samu 2. Layin tsakiyar nan shi ne abin da aka shafe mako ana koya muku, kuma shi ne takardarki ba ta nuna ba.

Masana ma sun daɗe a kan wannan gaɓa. Niyuton na Ingila da Laibniz na Jamus sun samar da kalkulas a ƙarni na 17, Laibniz ya wallafa nasa a 1684, kuma amsoshin da hanyoyinsu ke bayarwa daidai ne, amma an yi fiye da shekara ɗari ana sukar hujjar da aka ɗora su a kai, har sai da Koshi na Faransa, a 1821, da waɗanda suka biyo bayansa suka kafa darasin a kan ma'anar iyaka. Ki kuma lura cewa ƙa'idar nuna matakai tana kare ki: ranar da kika bi matakai daidai sannan kika yi kuskuren alamar ɗebewa a layin ƙarshe, matakan ne za su ceto miki yawancin makin.

Batun kalkuleta ma daga nan ya taso. Na'urar tana lissafa abin da aka danna mata ne, ba ta san abin da ake nufi ba. Iyakar sin x a kan x (sin x wani lissafi ne da ake yi a kan kusurwar x), yayin da x ke kusantar sifili, ita ce 1 idan an auna kusurwa da radiyan, wani ma'aunin kusurwa dabam da digiri, amma kalkuletar da aka bari a kan digiri za ta nuna kusan 0.01745, kuma ɗalibin da bai san dalilin amsar ba zai kwafe wannan lambar hankali kwance.

Ranar miƙa aikin gida kuwa, dalilinta shi ne kowane mako na kalkulas yana zaune a kan wanda ya gabace shi. Ba a fahimtar saurin canji sai an riƙe iyaka, ba a kuma fahimtar tarawa, wato haɗa ƙananan canje-canje a samu jimlarsu, sai an riƙe saurin canji, don haka aikin da aka jinkirta kwana goma ya riga ya rasa amfaninsa, ga shi malamai da yawa suna fitar da amsoshi da zarar ranar ta wuce. Ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne awa biyu na nazari a kan kowace awa ɗaya ta aji, kuma a ganina gara a rarraba su a kan kwanakin mako da a tara su dare ɗaya. Idan rashin lafiya ce ta hana ki, ki sanar da malami kafin ranar, ki kawo shaidar rashin lafiyar.

Ki ɗauki takardar da aka yi wa maki, ki je ofishin malamin a lokacin da ya ware domin ganin ɗalibai, ki roƙe shi ya nuna miki yadda yake son a jera matakan.

TAMBAYA: Malam, ni da abokaina uku muke yin aikin gida tare, wani lokaci kuma mukan duba manhajar waya mai warware lissafi. Shin wannan satar amsa ce?

AMSA: Hukuncin yana cikin takardar ƙa'idojin darasinku, don haka ka fara karanta ta, idan kuma ba ta fayyace ba ka tambayi malamin kafin ka miƙa aikin. Galibi ana yarda a tattauna hanya tare, amma kowa ya rubuta tasa amsar shi kaɗai, sannan kwafar matakai daga aboki ko daga manhaja a miƙa su da sunan kai laifi ne da zai iya jawo sifili ko zaman kwamitin ladabtarwa. Bayan kun tashi, ka rufe littafi da waya, ka sake warware tambayar a farar takarda. Idan ka tsaya a tsakiya, to wurin da ka tsaya shi za ka kai wa malami.