Amsar tambayarka kan hirar shago

Ɗana, bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Ka ce wata uku ke nan kana zama shagon babanka a Kantin Kwari, abin da ke ɗaure maka kai shi ne, baƙo zai taso daga Maraɗi ko Damagaram sarin atamfa, sai a aika a kawo shayi, a shiga labarin damina da na waɗanda suka rasu, har a kira azahar ba a kwance dila ko ɗaya ba. Kana tambaya ko wannan al'ada tana da amfani a yau.

Wannan hirar da kake gani, cikinta ake cinikin.

Kakanninmu fatake sukan tashi ayari daga Kano da jakuna, su yi watanni kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi su ɗauko goro. Alhassan Ɗantata, ɗan Bebeji da ya rasu a 1955, da goron ya fara kafin gyaɗa. In bafatake ya isa, gidan maigida yake sauka. Shi zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba da bashi. Ba takarda, ba banki. To da me maigida zai auna mutumin da bai taɓa gani ba? Da bakinsa. Bayan sallar isha'i a zauna a zaure: ɗan wane gida ne kai, wane madugu kuka biyo, a wane zango kuka kwana? Maigida ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa, in ka ƙara gishiri, ayarin da ke bayanka zai tona ka.

Ni kaina na ga haka a Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, lokacin ina yaro a harkar goro. Kuɗina ba su kai na huhu biyu ba. Wani dattijo ya tambaye ni asalina, na ba shi labarin yadda motar kayan kakanka ta kife a hanya, goron ya lalace, ya sayar da gonarsa ya biya masu kaya ba tare da an aiko masa ba. Ashe labarin ya riga ni zuwa. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce a ɗora mini huhu biyar, in kawo kuɗi in na dawo. Har yau in na tuna sai idona ya ciko.

Kuma ka lura, babanka ya fi sauraro a kan magana. A cikin hirar yake jin ko bana gero ya yi a can, ko sefa ta tashi, ko mutumin yana da aurar da 'ya a gaba. Daga nan yake sanin kayan da zai nuna masa, da bashin da zai iya ɗauka bai karye ba.

Gobe in baƙon Maraɗi ya zo, ka sa wayar nan a aljihu, kai za ka zuba masa shayi. In ya ambaci ɗansa da ba shi da lafiya, riƙe sunan yaron, ka tambaye shi jikinsa in ya dawo bayan salla. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.