Amsa kan ƙungiyar Colonial Dames da surukarki ke ciki

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce surukarki Ba'amurkiya ce, tana cikin ƙungiyar matan nan ta Colonial Dames, kuma tana son a shigar da 'yarki idan ta girma. Kina tambaya ko wace irin ƙungiya ce, kuma ko za su karɓi yarinyar da uwarta Bahaushiya ce. Na daɗe a jihar Virginia, na yi aikin sa-kai a wani tsohon gida da irin waɗannan mata ke kula da shi, na kuma taya wata maƙwabciyata haɗa takardun shigarta, shi ya sa na ga ya dace in tofa albarkacin bakina.

Ki fara tambayar surukar taki wacce take ciki, domin uku ne masu suna kusan iri ɗaya. Akwai Colonial Dames of America da aka kafa a New York a 1890. Akwai National Society of The Colonial Dames of America da ta fara a Philadelphia a 1891, hedkwatarta tana Dumbarton House a Washington. Sai ta uku, Colonial Dames XVII Century, ta 1915, wadda ke neman kakan da ya zauna a ƙasar kafin 1701. Dukkansu jini suke dubawa: a nuna cewa mace ta fito daga tsatson wani da ya zauna a yankunan da Turawa suka kafa kafin 'yancin kai na 1776, kuma ya yi wa jama'a wata hidima, kamar gwamna, alƙali, ɗan majalisa ko hafsan soja. Layi ɗaya ya isa, ta wajen uwa ko ta wajen uba. Saboda haka 'yarki ta cancanta ta wajen mahaifinta, asalinki ba ya rage mata komai. Ke ce ba za ki shiga ba, don aure ba ya shigar da mutum.

Wahalar tana wajen takardu. Ba a karɓar "kakata ta faɗa mini". Kowane mataki, daga ɗa zuwa uba har a kai ga kakan farko, sai an kawo shaida: takardar haihuwa, ta aure, ta mutuwa, in an yi nisa kuma sai wasiyya, takardun filaye da rajistar coci. Maƙwabciyata ta maƙale wata da watanni a kan mutum ɗaya, domin takardun gundumarsu sun ƙone a yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. Daga ƙarshe wata wasiyya da aka ambaci sunan 'yarsa a ciki ce ta warware mata. Ku an riga an share muku hanya, tunda an tantance layin surukarki. Abin da ya rage a haɗa ta da mijinki, a haɗa shi da yarinyar.

Aikin da suke yi kuwa, gaskiya na yaba. Ƙungiyar 1891 ce ta gina cocin tunawa a Jamestown, matsugunin dindindin na farko da Ingilishi suka kafa a Amurka, a 1907, ita ta gina rumfar dutsen Plymouth, inda ake cewa wasu Ingilishi 'yan ƙaura na farko-farko suka sauka, a 1921, tana cikin masu kula da Gunston Hall, gidan George Mason, ɗaya daga cikin jagororin kafa Amurka, tana kuma tallafa wa Sulgrave Manor a Ingila, gidan kakannin George Washington. Na ga tsofaffin mata suna wuni guda suna rubuta bayanin kowane cokali da kowace wasiƙa, ba albashi ba komai. Da ba don irinsu ba, da gidaje da yawa sun rushe.

Amma akwai abin da ba zan ɓoye miki ba, don ya taɓa ni ƙwarai. Mason ɗin nan bayi ne suka noma masa gonakinsa. Tun 1619 aka sauke 'yan Afirka a Virginia, amma ko a ƙidayar 1850 da 1860 ba a rubuta sunayen bayi ba, sai shekaru da jinsi da launin fata a ƙarƙashin sunan ubangidansu. Sai a 1870 akasarinsu suka fito da sunayensu. Kin ga sharaɗin takarda shi kaɗai ya isa ya rufe wa miliyoyi ƙofa. Wata ƙungiyar zuri'a ta daban, Daughters of the American Revolution, ta hana mawaƙiya Marian Anderson zaurenta a 1939 saboda baƙar fata ce, har Eleanor Roosevelt, matar shugaban Amurka na lokacin, ta fice daga cikinta. Abubuwa sun sauya sosai; a gidan da na yi aiki, yanzu ana ba baƙi labarin bayin da suka zauna a wurin, ana kiran sunayen waɗanda aka gano.

Ni a ganina, kada ki hana, kada kuma ki yi gaggawa. Ki karɓi kwafin takardun daga hannun surukarki tun tana da ƙarfi, ki adana. Ki kai yarinyar ɗaya daga cikin gidajen ta ji labarin ɓangarorin biyu. Akwai kuɗin shiga da na shekara-shekara, kuma sau da yawa sai wata mamba ta gabatar da mutum, don haka ki tambayi reshen jiharku yadda tsarinsu yake. Idan ta mallaki hankalinta, ita za ta zaɓa.