Amsa: sanya wa guzheng na'urar ɗaukar sauti

Malam, ka tambaya ko za ka iya ɗora wa guzheng ɗinka, wato kayan kiɗan Sin mai tsirkiyoyi a kan dogon akwatin katako, irin na'urar ɗaukar sauti da ke jikin jita ta lantarki. Za ta yi aiki, amma da sharaɗi. Maganaɗisu ne a cikinta, ƙarfe kawai take ji. Tsirkiyoyin guzheng na zamani, guda 21, ƙarfe ne aka naɗe da nailan, don haka za ta ɗauka. In na siliki ne irin na da, ko ƙis ba za ka ji ba. Matsalar ita ce faɗi: ta jita tsirkiya 6 aka yi wa, ba za ta kai duka 21 ba.

Ni dai piezo na fi so, wadda ake mannawa a jikin katakon. Tana da arha, tana kuma kama har ƙarar farce da bugun tafin hannu, abin da masu kiɗan gwaji ke nema ke nan. Sai dai ka haɗa ta da preamp, wato ƙaramar na'urar da ke ƙarfafa sauti kafin ya kai lasifika, in ba haka ba sautin zai fito siriri kamar na gwangwani. Kada kuma ka zauna gaban lasifika, akwatin guzheng ɗin zai yi ta kuka.

Gwada ɓangaren hagu na jakunan tsirkiya, wanda ba a saita shi. Ja masa izgar goge, ka ƙara amsa-kuwwa kaɗan.