Tambaya da Amsa: Inshorar Dole Ta Wadatar, Ko Sai an Sayi Cikakkiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Zariya, na sayi mota ƙirar Corolla 'yar Kwatano a kan naira miliyan 8 da kuɗin adashi da ɗan bashi. Wani dillali ya ce in yanki cikakkiyar inshora, abokaina kuwa sun ce takardar naira 15,000 ta ishe ni. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya tsare hanya. Abokanka suna da gaskiya ta fuskar doka kawai. Naira 15,000 ita ce kuɗin inshorar dole ta motar gida tun daga ranar 1 ga Janairun 2023, lokacin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga shi daga naira 5,000, kuma da wannan takarda 'yan sanda ba su da ta cewa. Sai dai abin da take biya shi ne ɓarnar da ka yi wa wani: dukiyarsa har zuwa naira miliyan 3, da diyyar rauni ko rai. Motarka kuwa, ko ta ƙone ko ɓarayi sun ɗauke ta, ba za a ba ka ko sisi ba. Idan kuma ka daki wata babbar jif a hanyar Kaduna, gyaran ya haura miliyan 3, ragowar daga aljihunka za ta fito.

Cikakkiyar inshora ita ce ke ɗaukar nauyin motarka da ta wanda ka buge duka biyu, kuma hukumar ta ƙayyade cewa kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, wato naira 400,000 a shekara ga irin taka. Kuɗi ne mai nauyi ga mai albashin koyarwa, amma ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: idan aka wayi gari motar ta salwanta, za ka iya sayen wata ba tare da gidanka ya girgiza ba? Kai da har yanzu kake biyan bashinta, amsar a bayyane take, domin mota za ta tafi bashi ya zauna. Shawarata ka yanki cikakkiya har ka gama biya, daga baya ka sauko zuwa matsakaiciyar da ke haɗa ta dole da kariya daga gobara da sata. Mai tsohuwar motar da darajarta ba ta taka kara ta karya ba, shi ne ta dole za ta wadatar.

Kada dillali ya ruɗe ka da rage darajar motar domin kuɗin ya yi sauƙi. Idan aka rubuta miliyan 4 ka biya naira 200,000, rabin motar ka yi wa inshora, kuma kamfani zai iya biyanka rabin kuɗin gyara kawai ranar da tsautsayi ya faɗa. Ka kuma tambayi adadin da kai za ka fara biya a kowane gyara, da matsayin ambaliya da tarzoma a yarjejeniyar, sannan ka sani cewa yin haya da motar da aka yi wa rajistar gida yana iya soke haƙƙinka.

Idan zuciyarka ba ta natsu da inshorar gama-gari ba saboda addini, akwai kamfanonin takaful (inshorar da ke bin tsarin Musulunci) masu lasisi da ke bayar da duka nau'o'in. Ko daga wa ka saya, ka duba lambar motarka a rumbun bayanan inshora na NIID kafin ka bar wurin, domin takardun bogi da ake sayarwa a bakin ofisoshin lasisi ba su biyan kowa komai.